Wuƙar Kawu: yadda aikin ba ƙarfe ruwa ya tafi, daga Shawwal zuwa Layya

Asabar, 12 ga Afrilu 2025

Ranar Ƙaramar Sallah Kawu ya jefa mini maganar a gaban mutane. Wai tunda kullum ina cika baki cewa mahaifinsu maƙeri ne a Kano kafin ya taso aikin Hajji a ƙasa ya zauna, to in yi masa wuƙar fiɗa kafin Layya, a gani ko jinin ƙira ya biyo ni. Shi kansa bai gaji ƙirar ba, zaman Hijaz ya sa kowa ya kama abin da ya samu. Fawa yake yi a wani shagon nama a kudancin Jidda. Ni kuma makaniki ne, ƙarfe ina taɓa shi kullum, amma kwancewa da ɗaurewa kawai na sani.

Yau na shiga Harajin Sawarik, kasuwar kayan gwanjo ta Jidda. Tsofaffin magagarai uku, riyal 15. Bulo mai jure wuta guda shida, riyal 48. Na'urar busar da gashi ta hannu, wadda mata ke kira istishwar, riyal 20, ita ce za ta zame mini zugazugi. Buhun gawayi riyal 45. Jimla 128. Maganaɗisu kuwa daga bayan wata tsohuwar sifika na ɓalle shi a warsha, wato garejin da nake aiki.

Abin da Kawu yake so: ruwan wuƙa santimita 16, mai ɗan ciki, mariƙi santimita 12.

Talata, 15 ga Afrilu

Na haɗa maƙera a saman rufin gida. Bulo biyu a ƙasa, biyu-biyu a gefe, bututun ƙarfe mai huji-huji a ƙarƙashin gawayi, istishwar a bakinsa. Na gasa magagarai biyu har suka yi ja, na binne su cikin bokitin toka su kwana. Ƙarfe mai tauri in ya huce a hankali yakan yi laushi, ya yarda a yanka shi a huda shi.

Juma'a, 18 ga Afrilu

Alhamdu lillahi da na gwada kafin in ɓata ƙarfina. Na yanko ɗan guntu daga kan kowanne, na mai da su wuta, na tsoma a ruwa, na ɗaure a milzama, wato mamatsar ƙarfe ta kan tebur, na buga da guduma. Na farko ya karye tas kamar kwalba. Na biyu sai ya lanƙwashe kamar ƙusa. Wato cikinsa ƙarfen banza ne, fatar waje kawai aka taurara. Irin waɗannan magagarai masu araha suna da yawa, kuma da ido ba a gane su. Riyal biyar ya tafi.

Na zana siffa a kan mai kyaun, na fara ci da saruk, injin hannu na yanka da gugar ƙarfe.

Laraba, 23 ga Afrilu

Kwana uku ana gugar ƙarfe bayan tashi daga aiki. Siffa ta fito. Na fitar da kaifi har yana yanka takarda.

Juma'a, 25 ga Afrilu

Wuƙa ta mutu.

Bayan la'asar na hura wuta, rana tana nan sarai, ina sauri saboda maƙwabcinmu na bene na uku ya yi ƙorafin hayaƙi ranar Talata kuma na san yana fita da la'asar. Na sa wuƙar cikin garwashi ina jira in ga ta yi ja. Na jira, na jira, na ƙara iska, sai can na ga ja ya fito. Na zaro ta da awartaki na cusa cikin bokitin ruwan famfo. Ban kai ƙirga uku ba na ji wani ɗan sauti, "tin", siriri, a hannuna na ji shi kafin kunnena. Da na fito da ita na goge, ga tsaga biyu sun taso daga kaifi sun nufi gadon baya, ɗaya tana bin sawun haƙoran magagari da ban goge sun ɓace ba.

Na zauna a kan bulo na ɗan lokaci. Sai haushi ya sa na ɗaure ta a milzama na karya ta gida uku, kuma wannan karyawar ce kaɗai abin kirki da na yi yau. Cikin karayar ƙwaya-ƙwaya ne masu ƙyalli, kamar sukari. Na ɗauko guntun magagarin da ban taɓa sa wa wuta ba, na ukun, na ɓalle masa kai don in kwatanta: nasa cikin toka-toka ne, sumul, kamar garin siminti, ba ka ganin ƙwaya ko ɗaya. Ƙarfe iri ɗaya ne. Wutata ce ta mai da nawa haka.

Na zuba gutsattsarin a aljihu.

Lahadi, 27 ga Afrilu

Akwai wani dattijo da muke haɗuwa a masallacin unguwa, Bahaushen Sudan ne, an haife shi a wajen Mai Wurno, ya yi ƙira a Kasala da ƙuruciyarsa kafin ya ƙetaro. Baba muke ce masa. Bayan isha'i na miƙa masa gutsattsarin. Ya kai su kusa da fitila, ya shafa da babban yatsa.

"Da rana ka ba ta ruwa?"

Na ce, "Da la'asar ne, Baba."

Ya ce, "To ka dafa ta, ɗana. Wa ya ce maka ana ba ƙarfe ruwa rana na kallo?"

Bayaninsa ke nan. Jan da ake nema ja ne mai duhu-duhu, wanda ba a ganinsa sai cikin inuwa. In rana tana haske, kafin idonka ya ga ja ƙarfen ya riga ya wuce zuwa ruwan lemo, ƙwayoyin cikinsa sun kumbura. Shi ya sa maƙera take zama rumfa mai duhu. Na biyu, na fitar da kaifi tun kafin wuta, abin da ba a yi. Ana barin bakin da kauri kamar na tsabar kuɗi, sai bayan ta sha ruwa a wasa. Na uku, ruwan sanyi. Ya ce ƙarfen magagari yana son sanyaya mai sauri, don haka ruwa ba haramun ba ne a kansa, amma su a Kasala ba sa ba siririyar wuƙa ruwan da bai ji ɗumi ba, wasu ma mai suke sawa. Ya ce Larabawa ma shayarwa suke kiran aikin, kamar mu.

Ya tambayi gawayina. Na faɗa masa na gashin nama ne. Ya yi dariya ya ce maƙeran ƙasar Hausa gawayin ƙirya suke nema, amma a Jidda wa zai ba ni ƙirya, in farfasa wanda nake da shi ƙanana daidai wa daida, wutar za ta fi zama ɗaya.

Alhamis, 1 ga Mayu

Na yanke shawara. Saura mako biyar Sallah, ba zan sake caca da ƙarfen da ban san asalinsa ba. Na yi odar sandar O1 ta intanet, kauri milimita 3, faɗi 40, tsawo santimita 50, riyal 135 har da kawowa. Ƙarfen yin kayan aiki ne, kabon ɗinsa wajen kashi 0.9 cikin ɗari, da manganis sama kaɗan da kashi ɗaya, da ɗan kuromiyam da tangistin. Harafin O ɗin nan na nufin mai: a mai ake shayar da shi, ba a ruwa ba. Manganis ɗin ne ke sa ya taurara ko da sanyayar ba ta yi saurin ruwa ba, kuma wannan ne ya ja ni gare shi. Yana zuwa da laushinsa daga masana'anta, babu buƙatar binne shi a toka.

Na haɗa da ma'aunin zafi mai waya, irin na K, wanda ke jure sama da digiri 1000. Riyal 70. Maman yara ta ga saƙon banki ta ce wannan wuƙa ta zinariya ce? Ban tanka ba.

Talata, 6 ga Mayu

Jira. Na kwashe maƙera daga rufi na kai bayan warsha a Sina'iyya, unguwar garejoji, maigidan warsha ya yarda in dinga aiki da dare muddin na ajiye abin kashe gobara kusa. Gawayi buhu na biyu, 45.

Asabar, 10 ga Mayu

Ƙarfe ya iso. Santimita 28 na wuƙa, sauran na yanka guntaye huɗu na gwaji. Wuƙa ɗaya tak ke fita daga sandar nan. In ta fashe, shi ke nan.

Juma'a, 16 ga Mayu

Daren gwaji, Baba ya biyo ni. Mun fara bayan isha'i, muka kashe fitilar waje.

Dabarar da na ƙara: na kwantar da wani guntun bututu mai kauri a cikin garwashi, ƙarfen gwaji da kan wayar ma'auni duk suna cikin bututun, ba sa taɓa gawayi. Haka zafin ke zagaye ƙarfen daidai, iskar istishwar kuma ba ta bugun sa kai tsaye balle ta cinye kabon ɗin fatarsa. Na jefa ɗan gawayi ɗaya cikin bututun don ya shanye iskar da ke ciki.

Abubuwa biyu na so in gani da idona. Ƙarfe yana daina kama maganaɗisu a wajen digiri 770. O1 kuwa yana son 790 zuwa 815, wato maganaɗisu yana sakin sa kafin a kai, sai an ɗan ƙara. Gishirin miya kuma yana narkewa a digiri 801. Na barbaɗa gishiri a kan guntun farko. Ma'auni na nuna 770 da 'yan kai, na zaro na kai wa maganaɗisu, bai kama ba. Na mayar. Can gishirin ya jiƙe ya kwanta kamar raɓa, na duba ma'auni, 804. Baba bai kalli ma'aunin ba ko sau ɗaya, amma daƙiƙa kaɗan kafin gishirin ya narke ya ce, "Yanzu." Na ce masa ido ba mudu ba ne. Ya ce in ƙarasa karin maganar mana.

Launin da muka gani a 800 ya ba ni kunya. Ja ne sosai amma mai nutsuwa, bai kusa da abin da na kai waccan wuƙar ba. Waccan ta haura 900 nesa ba kusa ba.

Mai: na girki ne, lita huɗu, riyal 42, a cikin dogon gwangwanin ƙarfe mai murfi. Na ɗumama shi da jan ƙarfe har digiri 55. Mai in ya ji ɗumi yakan tsinke, ya fi saurin zuƙe zafi a kan mai sanyi mai kauri. Baƙin man inji yana nan kyauta a warsha ganga-ganga, na ƙi shi, hayaƙinsa guba ne, kuma wuƙar nama ce.

Guntu na 1: ya kai 800 na tsoma nan take. Magagari ya zame a kansa, amma da na danna ya ɗan ci.
Guntu na 2: na riƙe shi tsakanin 795 da 810 minti goma cur. Magagari ya zame yana ƙara kamar a kan gilashi. Karaya sumul, toka-toka.
Guntu na 3: da gangan na kai shi 900. Ya yi tauri, amma ƙwaya ta fara fitowa, kuma bugu ɗaya mara ƙarfi ya karya shi.

Riƙe wutar gawayi minti goma a waje ɗaya shi ne aikin. Kunna istishwar, kashe, kunna, toshe rabin bakin bututu da bulo. Riga ta jiƙe sharkaf. Amma minti goman nan ba ado ba ne, a cikinsu ne kabon ke narkewa ya bazu cikin ƙarfen, in ya so mai ya kulle shi a inda yake.

Talata, 20 ga Mayu

Siffa ta fito, na bar bakin kaifi milimita ɗaya. Huji uku a mariƙi tun yanzu, don bayan wuta babu abin da zai huda shi. Na bi da sanfefa har lamba 220, ina gogewa ta tsawo, kada a bar sawu mai zurfi da tsaga za ta bi. Sanfefa riyal 30.

Juma'a, 23 ga Mayu

Ta sha mai, kuma tana raye.

Minti goma a 800, na zaro, tsini ƙasa, na cusa cikin mai a tsaye. Wuta ta tashi a saman man har ta lashe mini gashin hannu, ban saki ba. Sama da ƙasa nake motsa ta, ba gefe da gefe ba. Na ƙirga goma sha biyar na fito da ita tana hayaƙi. Na hango ta ta gadon baya: ta karkata hagu, kamar milimita biyu a tsini. Laifina ne, gefe ɗaya na kwantar da ita a cikin bututu ban juya ba. Akwai ɗan lokaci bayan fitowa daga mai da ƙarfen bai gama ƙanƙamewa ba, ana iya miƙe shi da safar hannu, amma tsoro ya hana ni, ina ta jin "tin" ɗin nan a kaina.

Magagari ya zame tun daga tsini har gindi.

A wannan halin wuƙa gilashi ce, ko faɗuwa ta yi za ta iya karyewa, kuma ba a barin ta ta kwana haka. Na naɗe ta a tsumma na yi gida da ita, ƙarfe sha ɗaya da rabi na dare, na wanke man da sabulu na nufi obin ɗin kicin. Maman yara ta fito ta tsaya a bakin ƙofa. Ta ce, "Abban yara, a inda nake gasa kaza?" Na rantse mata man girki ne. Ta ce in ta ji wari gobe sabon obin zan saya.

Na sa obin a 200, na ajiye ƙaramin ma'aunin obin da na saya riyal 25 a ciki. Allah Ya sa na saya. Ya haura 235 kafin ya sauko 185, ya sake hawa. Lambar da ke jikin murɗin ƙarya ce tsagwaronta. Na cika faranti da yashi na bar shi ya yi zafi minti arba'in, na rage murɗin zuwa 180, sai ma'auni ya zauna kusa da 200. Na binne wuƙar cikin yashin, awa biyu. Na kwanta ƙarfe uku saura.

Asabar, 24 ga Mayu

Gashi na biyu, awa biyu a 200. Wannan karon na ɗaure ta a jikin wani miƙaƙƙen ƙarfe, na sa tsabar kuɗi a ƙarƙashin tsakiyar lanƙwasar, na matse tsinin ya ɗan wuce miƙe. Ta fito saura kamar rabin milimita, wanda wasawa za ta cinye. Inda na goge ya yi launin kara, ruwan ɗorawa mai haske. Bisa jadawalin masu ƙarfen, gashi a 200 yana barin O1 a wajen 61 zuwa 62 a Rokwel, ma'aunin taurin ƙarfe. Na ji daɗin lambar nan ƙwarai.

Talata, 27 ga Mayu

Wasawa. Na yi gaggawa da saruk a tsini, na ga shuɗi ya bayyana, kamar milimita uku. Shuɗi na nufin wurin ya kai wajen digiri 300, taurinsa ya tafi. Na datse wurin na sake fitar da tsini. Wuƙar Kawu ta koma santimita 15 da rabi. Daga nan na ajiye inji, dutse da ruwa kawai.

Alhamis, 29 ga Mayu, 2 ga Zulhajji

Na naɗe mariƙin da robar tayar keke na kai wa Kawu shago ya gwada kafin in manna itace. Tana aske gashin hannu. Na shiga ina taƙama.

Ya karɓa, ya auna nauyinta a tafin hannu, ya yi bisimilla ya shiga cinyar rago. Ta wuce kamar cikin man shanu. Ya ce, "Masha Allah." Ya bi ta gaɓa, ya murɗa kamar yadda suke yi, ta gogi ƙashi. Ya ɗaga ta sama ya kira ni. Ɓalli biyu ƙanana a kaifi, kamar an ciza. Sai ya ɗauko ƙarfen washinsa ya ja ta a kai sau shida, ya taɓa, ya girgiza kai.

"Wuƙarka ba ta jin magana, yaro."

Na fara yi masa bayanin lamba 62. Ya ce shi bai san lamba ba. Ya ce ranar Sallah tun daga saukowa idi har dare hannunsa cikin nama yake, babu lokacin zama da dutse. Wuƙar da yake so ita ce wadda in ta dakushe zai ja ta sau biyu a ƙarfe ta dawo, in ta haɗu da ƙashi ta kwanta, ba ta ɓalle ta bar wa mutane ƙarfe cikin nama ba. Wannan maganar ta ƙarshe ce ta kashe mini baki. Wata guda ina bin tauri kamar shi ne duka aikin, ban taɓa tsayawa na kalli yadda mai wuƙar yake aiki da tasa ba. Na tsaya shagon awa guda ina kallo. Kusan duk minti biyar sai ya ja ta a ƙarfe, ko duba ta ba ya yi.

Sa'a ɗaya: ban manna mariƙi ba. Tauri ana iya rage shi da ƙarin gashi, amma ba a ƙara shi sai an koma wuta daga farko.

Asabar, 31 ga Mayu

Obin kuma, da izinin masu obin. Digiri 235, awa biyu, sau biyu. Ta fito launin kara mai duhu, ya doshi ruwan ƙasa. Wannan zai sauko da ita kusan 59. Na goge ɓallin a dutse, na kuma buɗe kusurwar kaifi daga digiri 15 kowane gefe zuwa 20, don rabin laifin na sirantar baki ne. Gwaji: na danna kaifin a gefen sandar tagulla, ya ɗan lanƙwasa ya dawo, bai ɓalle ba, bai zauna a lanƙwashe ba. Na sassari ƙashin kaza da na rago, lafiya.

Litinin, 2 ga Yuni

Na bar ta kwana ɗaya a warsha ba mai, na tarar da ɗigon tsatsa uku. Danshin Jidda ba ya wasa, O1 kuma ba ƙarfen da ba ya tsatsa ba ne, kuromiyam ɗinsa rabin kashi ɗaya ne kacal. Na goge. Mariƙi na itacen kurna, wanda nan ake ce wa sidir, Baba ne ya ba ni busasshen guntu. Ƙusoshin tagulla uku, riyal 12, gam mai haɗi biyu, riyal 22.

Laraba, 4 ga Yuni

Kube na fata, riyal 25, ɗinkin hannuna ne kuma ya nuna. Na kai wa Kawu da yamma. Ya ja ta a ƙarfe sau biyu, ya saurari ƙarar, ya sa a kube bai ce komai ba.

Jimlar kuɗi: riyal 534. Ya tambaya na faɗa masa, ya ce da na ba shi kuɗin da ya sayi wuƙar kanti biyar ya yi mini addu'a. Gobe Arfa.

Talata, 10 ga Yuni

Sallah ta kama Juma'a, sai yau na samu ganin Kawu zaune. Wuƙar ta yi kwana uku tana aiki, ragunan Sawakin da Harri, da ɗan maraƙi ɗaya. Babu ɓalli. Ruwanta ya rine ya koma toka-toka da shuɗi-shuɗi saboda jini da kitse, na ce masa kada ya kankare, wannan rinin yana rage tsatsa, ya dai dinga shanya ta yana shafa mai. Ƙorafinsa biyu: mariƙin yana santsi in hannu ya yi kitse, kuma gadon bayan yana cin babban yatsa, in kashe masa kaifin gefe. Na karɓo ta zan gyara ranar Alhamis.

Yaron shagonsa ya ce shi ma yana so, ƙarama, ta cire nama daga ƙashi. Magagari na uku yana nan, wanda na ɓalle wa kai. Ragowar gawayi rabin buhu, mai yana cikin gwangwaninsa. Ƙarfen magagari ya fi O1 son sanyaya mai sauri, don haka sai na fara yanko guntaye biyu, ɗaya a mai mai ɗumi, ɗaya a ruwan gishiri mai ɗumi, in karya in gani. Baba ya ce Juma'a bayan isha'i, in zo masa da shayi.